Ƙwaryar Talatu: inda aikin littafin ya kwana

3 ga Nuwamba, 2024

Labarin ya tsaya da ƙafarsa, saura ya zama littafi. Wata yarinya ce, Talatu, aka aike ta ta kai wa kakanta abinci bakin Binuwai inda yake ɗinkin taru. Ta durƙusa za ta ɗauraye ƙwarya, ruwa ya fizge ta. Sai ta bi gaɓa tana kira, ƙwarya kuwa tana ta tafiyarta: ta wuce masu wanki, ta wuce masu haƙar yashi, ta wuce masu ban-ruwan albasa, ta gitta gaban shanu suna shan ruwa, har ta je ta tsaya daidai hancin dorina. Don ƴan shekara huɗu zuwa takwas na rubuta shi.

Yaran da nake koyarwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, harshe uku suke juyawa kafin la'asar: Hausa a gida, Fulatanci a layi da kasuwa, Faransanci a aji. Na ukun kaɗai suka taɓa gani a littafi mai hoto. Littattafan Hausa da ke shigowa daga Kano ta hanyar Yola na manya ne, ko na addini ko na soyayya. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare harsunan ƙasa da ciyar da su gaba, dokar ilimi ta 1998 ma ta sake faɗa, amma doka ba abin da yaro zai buɗe a kan tabarma ya kalla ba ce. Manyan masu buga littattafai suna Yawunde da Duwala, idonsu na kan littattafan da ke jerin makaranta. Da kaina zan buga, da kuɗin adashe.

17 ga Nuwamba

An sami mutum biyun da nake bukata. Mai zanen wani saurayi ne da ke rubuta allunan shaguna kusa da babbar kasuwa. Allon wani wanzami na gani na tsaya, domin fuskokin da ke jiki na mutanen garin nan ne, har da wanda na kusa rantsewa na san shi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya ce, “Malama, littafi kuma? Ni fa allo nake yi da bayan mota.” Na ce ya zo gida ya ji labarin tukuna.

Mai tsara shafi ɗiyar yayana ce da ke Ngaundere, sana'arta katin biki da kalanda. Ta WhatsApp za mu yi aiki. Ba ta bari na gama bayani ba ta ce, “Gwaggo, shafi nawa?” Na ce duk yadda labari ya kai. Ta ce ba haka ake yi ba. Littafin da za a ɗinke da ƙusa a tsakiya, kowace takarda guda idan an ninka ta shafi huɗu take bayarwa, don haka ko 24, ko 28, ko 32. Mun tsaya a kan 32 ban da bango. Shafi na 1 suna, na 2 bayanin haƙƙi, labari daga na 3 zuwa na 28, huɗun ƙarshe za a ga abin da za a yi da su.

Girma kuma santimita 20 tsawo, 20 faɗi. Na so 21, ta ce a'a, ta kawo dalili. Shafi biyu a buɗe za su zama 42, daidai tsawon takardar A3, wato mai girman takardar ofis biyu a haɗe, ba sauran wurin rarar da ake bari a gefe don yanka. Da 20 kuwa, ko ƙaramar na'urar buga takarda za ta iya fitar mana da gwaji a nan gari.

1 ga Disamba

Mun rubuta yarjejeniya da mai zane. Ya ji kunya, ya ce tsakaninmu ai ba sai da takarda ba. Na ce don a zauna lafiya ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba, 2000 ta ɗauki zane a matsayin aikin mai shi kamar yadda ta ɗauki rubutu. Abin da muka sa: kuɗinsa kashi uku, ɗaya yanzu, ɗaya idan zanen fensir ya kammala, ɗaya idan ya miƙa na fenti. Gyara sau biyu a kowane hoto ba ƙarin kuɗi. Ainihin takardun da ya zana nasa ne, in an gama ɗaukarsu a na'ura a mayar masa. Ni kuma ina da izinin buga su a littafin Hausa, ko bugu nawa ne. Sunansa zai fito a bango da girman nawa. Maigida da wani abokin mai zanen suka sa hannu a matsayin shaidu.

8 ga Disamba

Zanen fensir na farko ya zo, kuma ba Garwa ba ce. Bukkoki ne na ciyawa a jere, bishiyar kwakwa a bakin ruwa, Talatu ba riga, dorina tana murmushi da haƙora biyu farare tas. Hannunsa gwani ne, amma da aka ce masa littafi sai ya ajiye idonsa ya ɗauko abin da ya gani a littattafan makaranta tun yana yaro. A ganinsa haka hoton littafi yake, abin da yake gani kullum a layinsu bai isa ya shiga ba.

Na ce, “Ƙanena, a ina ka taɓa ganin kwakwa a Garwa?” Ya yi dariya. Na ce ina son dogonyaro, da katangar bulo, da rufin kwano, da mai babur ya ɗauko buhun gawayi, da dutsen Tingilin can nesa cikin hazo.

Yau Lahadi, ranar kasuwar Pitowa ce, sai muka je muka zaɓi ƙwarya guda mai zanen wuta irin na matan Fulani. Ita zai riƙa kallo, don zanen jikinta ya zama iri ɗaya daga farkon littafi zuwa ƙarshe. A hanyar dawowa muka sauka kusa da gada. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito, masu wanki sun baza kaya. Ya zauna da fensir har rana ta yi sanyi. Dorina ba ta ba mu komai ba sai kunne da hanci, kuma da haka zai zana ta a yawancin shafukan, tunda haka yaran nan suka san ta.

Wani abu ya zo mana da sauƙi a wurin. Garwa tana arewa da kogin, ruwan kuma yamma yake yi zuwa Yola. Wanda ya tsaya a gaɓar gari ya fuskanci ruwa, daga hagunsa zuwa damansa yake gangarawa, wato yadda ake karanta boko ake kuma juya shafi. Ƙwarya za ta shigo kowane hoto ta hagu ta fita ta dama, yaro ya bi ta da hannunsa.

12 ga Janairu, 2025

Wannan watan na yankan magana ne. Da hotuna suka fara tsayawa sai ga rubutuna yana maimaita su. Na rubuta cewa masu wanki sun shanya zannuwa ja da kore a kan yashi, ga su kuma a hoton, har da wani yaro da ya yi barci a inuwar kwando wanda ni ban san da shi ba. Ɗiyata ta aiko shafin da layi ja a kan jimla uku, ta ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, hoto ya riga ki.” Abin da ya rage a shafin shi ne waƙar da Talatu ke yi, “Ƙwarya, ƙwarya, ina za ki?” da amsar masu wanki, “Ta yi gaba, ƴar nan, bi ta.” Labarin ya ragu da fiye da rabi, kuma ya fi daɗi a baki.

A nan wannan ba ado ba ne. Yaranmu ba a koya musu karatun Hausa, da ƙa'idar Faransanci suke fuskantar kowane baƙi. Na ba wasu ƴan aji uku shafi guda, suka karanta gida “jida”, ciki “siki”, suka tsaya cak a kan sh da ts. Yaron da ba zai iya karanta rubutun shi kaɗai ba, hoto ne zai riƙe masa labarin har ya sami babban da zai karanta masa. Saboda haka na ce wa mai zane ya ɗauka babu rubutu ko kaɗan: duk wanda ya bi hotunan kawai ya san abin da ya faru.

Ɗiyata ta kawo shawarar mu rubuta yadda mutanen nan ke yi a Facebook, “guida”, “tchiki”, “rouwa”, tunda shi idonsu ya saba da shi. Na ƙi. Hausa tana da daidaitacciyar ƙa'ida, kuma ina son littafin ya karantu a Yola da Kano da Damagaram. Abin da muka yi shi ne shafi na 29 ya zama na baƙaƙen da ke ba da wuya, kowanne da ɗan hotonsa: c da cokali, g da gida, sh da shanu, ts da tsuntsu, ƙ da ƙwarya.

26 ga Janairu

Salon baƙin da ɗiyata ta fara zaɓa kyakkyawa ne, amma ba shi da ƙ. Ko'ina ta zo sai kwamfuta ta aro wata daga wani salo, siririya, ta yi daban a tsakiyar kalma. Mun koma salon Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi don masu koyon karatu, kyauta ne kuma yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ manya da ƙanana. Harafinsa na “a” irin wanda yaro ke rubutawa da hannu ne. Mun zaɓi ƴ kamar yadda ake yi a Nijar maimakon y mai waƙafi a sama, domin duk wanda ya taɓa ganin rubutun Fulatanci a nan ya san ta.

Sunan littafin a bango mai zane zai rubuta da buroshi. Wannan kam gonarsa ce.

21 ga Fabrairu

Ranar harshen uwa ta duniya. Na ninka fararen takardu na manna kofen zanen fensir, na karanta wa yara a farfajiyar makarantar Islamiyya ta unguwa. Sun kama waƙar tun a shafi na uku. Sun kuma kama mu: wata yarinya ta ce zanen Talatu ya sauya, a wurin shanu mai fure ne, a wurin albasa mai ratsi. Wani yaro ya ce makiyayin bai rataya sandarsa a kafaɗa ba, ai ba haka suke tsayuwa ba. Duka an rubuta an kai wa mai zane.

Na lura sun fi daɗewa a kan shafin dorina, don haka muka sake lissafi. A littafi mai ƙusa, shafi na 16 da na 17 ne kaɗai takarda guda ɗaya shimfiɗe, sauran duk rabi yana kan wata takarda rabi kan wata, kuma in yanka ya ɗan goce sai hoto ya karye a tsakiya. Dorina tana shafi na 20 da 21. Mun haɗe masu yashi da masu albasa a buɗi ɗaya, mun gajarta farkon labari, ta dawo tsakiya inda za ta buɗe baki ba tare da komai ya raba ta ba. Rabin littafi na biyu ya zama na dawowar Talatu gida, wanda dā a gurguje na yi shi.

Inna ta saurari komai ta ce, “To mu da ba mu yi boko ba fa?” Ita ajami take karantawa, kuma irinta ne ke zaune da jikoki da dare. Shafi na 32 ya sami aiki: waƙar ƙwarya da ajami. Akwai salon baƙi na kwamfuta da aka yi don ajamin Hausa, amma na fi son hannu. Na je wurin malamin makarantar allo ta bayan gidanmu na ce, “Allah gafarta Malam, wata ƴar waƙar yara ce nake roƙon a rubuta mini.” Ya karanta, ya yi murmushi, ya ce in dawo bayan Juma'a mai zuwa. Shafi na 30 da 31 kuma fassarar Faransanci ce da ƙananan baƙaƙe, don malaman makaranta da iyayen da ba Hausawa ba. Ban yarda ta hau shafukan labari ba, don na san ita ido zai fara zuwa.

23 ga Maris

Azumi da zafin Garwa sun haɗu. Fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya kai takarda, wuta kuma tana zuwa tana tafiya. Mai zane ya koma aiki bayan sahur zuwa hantsi. Ba na matsa masa.

Matsala ɗaya ta fito: hotuna huɗu na farko ya kewaye su da layi tsaf kamar allon shago. Ɗiyata ta ce dole fenti ya zarce iyakar shafi da milimita 3 ta kowane gefe, kamar yadda tela ke barin rarar yadi, domin wuƙar maɗaba'a ba ta faɗawa daidai wuri ɗaya kullum, in babu rarar sai farin zare ya fito a bakin shafi. Ya ƙara musu sararin sama da ruwa da yashi. Ta kuma roƙe shi kada ya sa fuska ko hannu a tsakiyar buɗi, kuma ya bar sarari mai haske inda rubutu zai zauna.

27 ga Afrilu

Fenti ya kammala, an biya kashi na uku. Ɗaukar hotunan a na'ura ya ci rai. Da waya ba ya yiwuwa, haske ba ya zama daidai kuma gefe na lanƙwashewa. Na'urar da muka samu ta A4 ce, girman takardar ofis, sai aka ɗauki kowane zane gida biyu a kan 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ɗiyata ta haɗe su a Ngaundere. Turawa sai da dare, lokacin da intanet ke ɗan sakin jiki.

18 ga Mayu

Farashi ya zo daga wurare uku. Ƙaramar na'ura irin ta nan gari, kuɗin kofi ɗaya ba ya sauka ko nawa ka buga. Babban inji kuwa sai an yi faranti huɗu na ƙarfe masu ɗauke da hoton shafukan, ɗaya ga kowace tawada, a kowace fuskar takarda, kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko kofi 100 ko 1,000. Ƙasa da ƴan ɗaruruwa ƙaramar ta fi, sama da haka babban ya fi. Na tsaya a kan kofi 500 a wata maɗaba'a a Yawunde, takarda mai sheƙi kaɗan giram 150 a ciki, bango giram 300 da leda a kai saboda hannun yara da miya. An biya rabi ta waya. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ma ta fito, tana farawa da 978-9956 kamar sauran littattafan Kamaru.

15 ga Yuni

Gwajin launi ya iso bayan Babbar Salla, kuma fuskar Talatu ta nutse. A allon kwamfuta yarinya ce baƙa kyakkyawa mai haske a goshi. A takarda ta zama duhu guda, ido da haƙora kawai ake gani, kakanta kuma ya yi toka-toka. Dalilin sananne ne ga masu sana'ar: allo da haske yake nuna launi, inji kuwa da tawada huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma ɗigon tawada yana ɗan bajewa idan ya taɓa takarda. Abin da ke da duhu sai ya ƙara duhu, inda shuɗi ya yi yawa a launin fata sai ta mutu.

Wani ma'aikacin maɗaba'ar ya ce abu mai sauƙi ne, a haskaka fatar kowa gaba ɗaya. Ya turo samfur, sai ga Talatu kamar ta shekara tana shafa man bilicin. Ban karɓa ba. Yaran da na rubuta wa littafin kalarsu ke nan, kuma ba su rasa ganin hotunan da ke nuna musu cewa fari ne mai kyau ba.

Hanyar da ta fi wuya muka bi. Ɗiyata ta bi fuska ɗaya ɗaya ta rage shuɗi da baƙi, ta bar ja da rawaya su riƙe ɗumin fatar. Mai zane ya karɓi takardunsa ya ƙara haske a goshi da kunci da karan hanci, a shafi uku kuma ya sauya abin da ke bayan kan Talatu daga inuwar bishiya zuwa sarari. An sake ɗaukar waɗannan a na'ura. Rubutu kuma an mai da shi baƙar tawada zalla, don in an haɗa shi da launi huɗu, faranti ɗaya ya goce kaɗan sai baƙaƙe su yi inuwa. Gwaji na biyu kuɗi ne daban, na biya.

20 ga Yuli

Gwaji na biyu ya yi. Na sa hannu a kowane shafi, na mayar.

17 ga Agusta

Kwalaye sun iso. Jirgin ƙasa na dare ya kawo su Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare tun 1974, ɗiyata ta tarbe su ta sa a motar Garwa. Damina ce, na roƙa a naɗe kowane kwali da leda, an kuwa yi, sai guda ɗaya da ya sha ruwa ta gindi. Mun zauna da yaran gida muka buɗe kowane kofi. An ware 23: wasu sun jiƙe, wasu ƙusa ta kauce, biyu kuma an juya musu takardar tsakiya dorina ta yi kai ƙasa. Maɗaba'a ta yarda ta cire kuɗin nata laifin daga cikon da ya rage.

Mai zane ya zo da yamma ya karɓi nasa kofi goma da takardunsa. Ya juya bango ya duba sunansa, ya ce zai kai wa mahaifiyarsa ɗaya, ita da kullum take cewa ya nemi aikin yi.

31 ga Agusta

Kuɗin kofi sefa 2,000. Mun fara sayarwa ranar 26, Ranar Hausa, a gidan wata Hajiya da ke tara mata karatu, kuma a nan aka fi saye. Shagunan littattafai yanzu hankalinsu na kan komawa makaranta, biyu sun karɓi goma goma sai an sayar su biya, sauran sun ce in dawo a Nuwamba. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Yola ya ɗauki ashirin, amma da ya juya kuɗin zuwa naira ya ce zai yi wa mutanen can tsada, sai dai a gwada. Kwali ɗaya ya tafi Marwa, rabin kwali zai koma Yawunde wurin wata ƴar'uwa a unguwar Birkiteri.

Malamai biyu sun tambaya ko za a yi na Fulatanci, ɗayansu ya ce shi zai fassara. Faranti uku na launi ba za su sauya ba, amma na baƙi sai an sake, haka bango, tunda sunan da buroshi aka rubuta shi. Yarjejeniyarmu da mai zane littafin Hausa kaɗai ta ambata, don haka sai mun sake zama an yi sabon ciniki. Na aika masa ya zo ranar Asabar, in ya tashi daga shago.